Colwellia: Ƙwayar Bakteriyar da Ke Rayuwa Cikin Ƙanƙarar Teku

Sanyi da gishiri su ne hanyoyi biyu da ɗan Adam ya daɗe yana amfani da su wajen hana abinci ruɓewa, domin suna dakatar da yawancin ƙwayoyin bakteriya. Sai dai akwai wata ƙwaya mai suna Colwellia psychrerythraea da ta mayar da su mazauninta.

A shekarar 1988 aka raɗa wa dangin wannan ƙwaya suna Colwellia, don karrama masaniyar kimiyya 'yar Amurka, Rita Colwell. Nau'in da aka fi nazari a kansa, wato 34H, an samo shi ne daga laka a ƙarƙashin Tekun Aktik, kuma a 2005 aka kammala tantance jerin ƙwayoyin gadonsa.

Ruwan teku yana daskarewa ne a kusan digiri 2 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Idan ya daskare, gishirin yakan taru a cikin 'yan siraran ramuka, inda ruwa mai tsananin gishiri ke zama ba tare da ya ƙanƙare ba. Irin wannan muhalli ne ƙwayar ke iya jurewa, har ma an ga tana iyo a digiri 10 ƙasa da sifiri.

Dabarunta uku ne. Fatar da ta lulluɓe ta tana ɗauke da wani nau'in mai da ba ya saurin daskarewa, don haka abinci ke ci gaba da shiga. Tana kuma fitar da wani abu mai yauƙi da ke kare ta daga ƙwayoyin ƙanƙara. Sannan tana tara wasu sinadarai a cikinta don kada gishiri ya zuƙe ruwan jikinta.

Amfanin wannan ilimi bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Bayan malalar ɗanyen mai a Tekun Meksiko a 2010, masana sun gano cewa dangin Colwellia sun yawaita a ruwa mai zurfi, suna cin wani ɓangare na iskar gas da man da ya tsiyaye. Haka kuma sinadaran da ke aiki a sanyi na iya rage wutar da masana'antu ke ƙonawa wajen ɗumama ruwa.

Sai dai yayin da ɗumamar yanayi ke rage ƙanƙarar Tekun Aktik, muhallin da ya horar da wannan halitta yana ƙara ƙanƙancewa.