Ko Kun Sani? Ka Fi Gwamna Ɗan Malumfashi Ne

Ko kun san dattijon nan da ya fito a matsayin Ka Fi Gwamna a shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ɗan Malumfashi ne, garin Galadiman Katsina? Sunansa Umar Yahaya Malumfashi. Yaran yanzu sun san shi da babbar riga da taƙama irin ta uban gidan 'yan siyasa, mai juya gwamna yadda ya ga dama. Iyayensu kuwa Bankaura suke ce masa, domin ya daɗe yana wasan kwaikwayo tun kafin a raɗa wa harkar suna Kannywood. Allah Ya yi masa rasuwa a Kano cikin Satumbar 2022.

Jihar Katsina ta ba da wani gwanin, Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, wanda bai tsaya ga fitowa a wasa ba, har alƙalami ya riƙa. Shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, wasan da aka buga a 1979, kan yadda mai kuɗi ke hure wa 'yar makaranta kunne. Daga baya Brendan Shehu ya mayar da shi fim.