Salsalar Motar Katako: Hannu Nawa Ta Bi Kafin Ta Iso Damari?

Shirinmu na musamman a yau zai tsaya ne a kan wata tsohuwa da kowa ya sani a hanyoyin da suka haɗa Damari da Dandume da Sabuwa, har zuwa Funtua: babbar motar nan mai bodin katako da guntun hanci, wadda idan kaka ta yi ake lafta wa buhunan masara da dawa da waken suya har sai ta sunkuya. Da yawa daga irin waɗannan motoci sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Amma a tsayar da ɗaya a tambayi mai ita hannu nawa ta bi kafin ta zo gare shi, da wuya ya wuce mutum biyu. Ya san wanda ya sayar masa, wataƙila ya ji sunan wanda ya sayar wa wancan, daga nan sai duhu. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, wannan duhun asara ce ta dukiya da ta tarihi, kuma ana iya yaye shi, muddin aka yarda cewa shaidun mota uku ne, ƙarfe da takarda da bakin mutane, kuma ba a yanke hukunci da ɗaya sai an ji sauran.

Mu fara da ƙarfe, domin shi ne ya fi daɗewa a wurin. Duk wanda ya zauna da bakanike ya san cewa motar da ta shekara arba'in tana aiki kusan babu abin da ya rage a jikinta na ranar da aka saye ta. Inji an sauke shi an ɗora wani, wataƙila sau uku. Giya an canza. Bodi kuwa aikin kafinta ne, idan katako ya ruɓe sai a kwance a buga sabo, mai fenti ya zo ya yi zanensa, ya goge kirarin tsohon mai mota ya rubuta na sabo. Ko kan motar, inda direba ke zama, ana ciro shi daga wata da ta mutu a Panteka ta Kaduna ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a ɗora. Abin da ba a rabuwa da shi sai mota ta mutu shi ne shasi, dogayen ƙarafan nan biyu da komai ke zaune a kansu, kuma a jikinsa kamfani ya buga lambar haihuwar mota. A nan akwai wurin da masu bincike ke zamewa. Lambar takan zo a wuri biyu, a ɗan farantin da aka maƙala a kan mota da kuma wadda aka dasa a ƙarfen shasi. Idan an taɓa canza kai, farantin ya zo da labarin wata mota daban, don haka wadda ke ƙarƙashi, wadda sai an kankare laka da baƙin mai kafin a gan ta, ita ce abin riƙo. Tsayin lambar ma yana magana: daga wajen 1981 kamfanoni suka koma tsarin lamba mai haruffa da alƙaluma 17, saboda haka gajeriyar lamba takan nuna tsohuwar ƙira.

Ƙarfe yana faɗin inda mota ta fito, wannan kuwa rabin tafiya ne. Bedford da ta yi tashe kafin samun 'yancin kai da bayansa, a Apapa kamfanin UAC ke harhaɗa ta. Marsandi mai guntun hanci, wadda aka fi sani da lambarta 911, a 1959 Jamus ta fara ƙera danginta, daga baya kuma kamfanin ANAMMCO na Inugu, wanda aka buɗe a 1980, ya ci gaba da harhaɗa ta a gida. Steyr daga Bauchi take, Fiat daga kamfanin NTM na Kano, Leyland daga Ibadan. Motar da aka harhaɗa a cikin ƙasa, farkon labarinta yana hannun dilan da ya sayar da ita sabuwa. Wadda ta shigo a matsayin 'yar Beljiyam, kamar yawancin DAF da suka cika hanya bayan darajar naira ta faɗi daga 1986, farkon labarinta a nan yana cikin takardar kwastan, kuma tana da wata rayuwar da ta yi a Turai kafin nan. Har gefen da sitiyari yake shaida ne. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motar da aka ga alamar an ciro sitiyarinta daga dama an mayar hagu, ko dai ta riga wannan rana shigowa, ko kuma daga ƙasar da ke tuƙi irin na Ingila aka kawo ta.

Sai takarda. Mutane sukan ɗauka ita ce alƙali, ni kuwa ina ganin ita ce shaidar da ta fi buƙatar a yi mata tambayoyi. Dalili na farko tarihin yankin ne da kansa. Motar da aka yi wa rajista a Funtua a 1970 a Jihar Arewa ta Tsakiya aka yi mata. A 1976 ta wayi gari a Jihar Kaduna, a watan Satumba na 1987 ta zama 'yar Jihar Katsina, duk ba tare da ta bar garejinta ba. A 1992 aka kawo sabon tsarin lambar mota mai haruffan ƙaramar hukuma, a 2011 aka sake sabunta shi. Kowane sauyi yana nufin sabon fayil, kuma ba kowane tsohon fayil ne ya bi sabo ba. Dalili na biyu al'adar cinikinmu ce. Mutum ya sayi mota, an yi ciniki gaban dillali da shaidu, an biya la'ada, an yi addu'a, an miƙa masa makulli da takardu, amma canjin sunan mai mota a ofishin lasin yana cin kuɗi da lokaci, sai ya ci gaba da sabunta takardu da sunan wanda ya sayar masa. Shi ma wancan haka ya yi. Ta haka ake samun mota tana yawo da sunan mutumin da ya shekara ashirin a kabari. Dalili na uku ya fi tsufa: manyan kamfanonin ciniki irin su UAC da John Holt da Leventis sun riƙa ba 'yan kasuwa motoci bashi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan, mota ba ta zama ta mutum sai ya gama biya. Wannan salo bai mutu ba, ya dawo cikin gida ne, inda maigida ke ba amintaccen direbansa mota yana kawo balas har ya fanshe ta. A irin wannan, shekarun da mota ta yi tana komawa hannun direba a hankali babu su a kowace takardar hukuma.

Duk da haka kada a raina tsummokaran takardun da ke cikin ledar direba. Rasit da aka rubuta da fam da sule ya riga 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta fara aiki. Tsohuwar takardar inshora tana ɗauke da adireshi. Takardar lodi tana faɗin abin da aka ɗauka da inda aka nufa.

Shaida na uku shi ne bakin mutanen tasha, kuma a kansa nake son in daɗe, domin shi ne ke ƙarewa. Babbar mota ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai direba, akwai yaron mota da ya kwana a ƙarƙashinta shekara da shekaru kafin a ba shi sitiyari, akwai ɗan kamasho da ke samo mata lodi, akwai bakaniken da ya san ƙarar injinta tun daga nesa, akwai kafintan da ya buga bodinta. Waɗannan mutane ba su riƙe lambar mota, suna riƙe ta da laƙabinta, da sunan maigidanta, da wani abin da ya faru. Za su ce wannan ita ce wadda ta faɗi da auduga a hanyar gidan gurza na Funtua shekarar da aka yi fari, ko wadda aka sayar aka raba gado bayan rasuwar mai ita, ko wadda ta riƙa kai shanu kurmi daga kasuwar Sheme tana dawowa da goro. Idan aka jera irin waɗannan labarai, abin da ke fitowa ya wuce tarihin mota ɗaya. Ana ganin yadda kuɗin auduga, wadda gonar iri ta Daudawa da layin dogon da ya ratsa Funtua zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920 suka kafa wa gindi, ya zama motoci a hannun 'yan ƙasa. Ana ganin yadda rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 ya sauya masu lodi, masara ta karɓi gurbin auduga, hanya ta karkata zuwa Dandume da Dawanau da Legas. Ana kuma ganin yadda yaron mota ke zama direba, direba ya zama mai mota, abin da ya sa sana'ar ta yi ƙima har Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtua, ya yi wa direbobi waƙa kamar yadda ya yi wa sarakuna da attajirai.

To, akwai masu ja, kuma ja ɗinsu yana da nauyi. Na farko zai ce baki ba abin dogaro ba ne, tsoho yana mantuwa, yana haɗa motoci biyu su zama ɗaya, yana kuma ƙara wa maigidansa girma. Gaskiya ne. Amma mu da muka gaji ilimin isnadi bai kamata wannan ya ba mu tsoro ba. Malaman hadisi ba su jefar da ruwaya don mutum na iya mantuwa ba, sun auna masu ruwaya ne, suka gwada wannan da wancan. Haka za a yi a nan. Idan tsohon direba ya ce maigidansa ya sayi motar sabuwa a zamanin Gowon, lambar shasi kuma ta nuna daga Inugu ta fito, an san ya kuskure, domin Gowon ya sauka a 1975, shekara biyar kafin a buɗe kamfanin ANAMMCO. Idan kuwa bakanike da ɗan kamasho, waɗanda ba a zaunar da su wuri ɗaya ba, suka ambaci mutum guda, wani tsohon rasit kuma ya zo da sunan garinsu, magana ta tsaya da ƙafafunta.

Na biyu zai ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana da rumbun rajistar motoci, 'yan sanda ma suna da nasu. Wannan ci gaba ne, kuma duk mai sayen mota ya kamata ya sa a duba masa lambar shasi a can kafin ya biya ko kwabo. Sai dai rumbu abin da aka zuba masa yake riƙewa. Ranar da aka shigar da tsohuwar mota, sunan da ke kan takarda a ranar aka shigar, ko na mai ita ne ko na mamaci. Mutum huɗu ko biyar da suka riƙe ta a tsakani kwamfuta ba ta taɓa jin labarinsu ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin daga halin da ake ciki ya fito. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, daga Faskari zuwa Sabuwa zuwa Ƙanƙara, inda garuruwa suka watse, manoma suka bar gonaki, wa zai so a rubuta cewa wane yana da manyan motoci uku? Wannan tsoro halal ne, kuma duk wanda ya yi wasa da shi bai san yankin ba. Amma a lura, abin da ake nema shi ne waɗanda suka riƙe mota a da, waɗanda yawancinsu sun rabu da ita ko sun rigaya gidan gaskiya. Sunan mai ita na yanzu yana iya zama a rufe a hannun shugabannin tasha, kamar yadda sirrin ciniki yake zama a hannun dillali. Kuma wannan tashin hankalin shi ne ya sa aikin ya zama na gaggawa. Idan gari ya tashi, dattawan da suka shaida ciniki suna warwatsuwa, wani Funtua, wani Zariya, wani Kano, takardu suna ƙonewa ko su salwanta a gudun hijira. Gobe magada za su zo neman haƙƙinsu a motar da mahaifinsu ya yi tarayya da wani a kanta, ko kuma wani ya taso ya ce motar da ka saya da guminka tasa ce aka sace. Fiƙihun Malikiyya yana da babi guda a kan wannan, babin istihƙaƙi, kuma hukuncinsa a fili yake: idan mai abu na asali ya kawo hujja, yana karɓar abinsa, mai saye ya koma kan wanda ya sayar masa. Wanda bai san salsalar motarsa ba, kan wa zai koma? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mota kuwa da ake fansa da balas bashi ce tsantsa.

Aikin ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW da na ƙungiyar masu motoci ta NARTO suna da ofis da sakatare a manyan tashoshi. Littafi ɗaya mai kauri ya isa, kowace mota da shafinta, a sama a rubuta lambar shasi, domin lambar mota tana canzawa. A ƙarƙashi a jera duk lambobin da ta taɓa ɗauka, da duk wanda ya riƙe ta, da yadda ta fita daga hannunsa, ko ciniki ko gado ko fansa, da sunan wanda ya ba da labarin, da wanda ya gaskata shi. Inda aka yi saɓani a rubuta ruwayoyin biyu, kada a zaɓi mai daɗi. A ɗauki hoton lambar da waya, a ɗauki muryar dattijon yana bayani. Wuri na farko da za a fara kuwa shi ne bayan gareji, inda motocin da suka kwanta suke jiran 'yan gwangwan, domin ranar da aka sa wuta aka yanka shasi aka ɗora a sikeli, lambar tana tafiya tare da ƙarfen zuwa kamfanin narka rodi.