Me Ya Sa Mai Ɗaukar Hoto a Asibiti Yake Yawan Tambaya?

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu likita ya taɓa tura mu ɗakin hoto, ko don tari da ya ƙi jin magani, ko don karaya. Kafin a ɗauka sai ma'aikaci ya tambayi sunanmu, ko da yana riƙe da katinmu, ya kuma tambayi mace ko tana da ciki. Wasunmu kan ji haushi. Amma horon da aka ba shi ke nan: ya hango haɗari tun bai faru ba.

Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi, a shekarar 1895. Ba a ganin hasken nan, ba a kuma jin zafinsa, amma idan ya yi yawa yana lahanta ƙwayoyin jiki. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce abin da jikinmu ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kwana 10 ba. Hoton CT na ciki kuwa yakan kai na kusan shekara 3. Saboda haka ake koya wa ma'aikata kada su ɗauki hoto sai da dalili, kuma su haska wurin ciwon kaɗai. A Nijeriya, hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin irin waɗannan na'urori.

Ana tambayar suna ne don kada a ɗauki hoton wani a madadin wani, ko ƙafar hagu maimakon ta dama. Ana tambayar ciki kuma domin ɗan tayi ya fi babba saurin cutuwa da hasken. Mun san kunyar cikin fari, amma ɗakin hoto ba wurin ɓoye shi ba ne. Idan aka sani, likita zai duba ko a ɗage hoton, ko a rage hasken, ko a yi sikanin, wanda da sauti yake aiki.

Na'urar MRI ba ta da wannan haske, amma maganaɗisunta mai ƙarfi ne ƙwarai, kuma a kunne yake dare da rana. A 2001, a jihar New York ta Amurka, ya fizgo tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe, ta bugi wani yaro ɗan shekara 6 a kai, ya rasu.

Ga abin da ya rage namu:

1. Mace ta faɗa idan tana da ciki, ko al'adarta ta yi jinkiri.
2. Mu zo da tsofaffin hotunanmu, don kada a maimaita a banza.
3. Kafin MRI mu cire makulli, 'yan kunne da waya, mu kuma faɗa idan akwai ƙarfe a jikinmu, na aikin tiyata ko na harbi.
4. Idan za a yi mana allurar da ke fito da hoto sarai, mu ambaci ciwon ƙoda, ko in irinta ta taɓa tayar mana da ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi.
5. Mai rakiya ya jira a waje. In an roƙe shi ya riƙe yaro, ya nemi rigar dalma.

Kada tsoro ya hana mu hoton da likita ya rubuta, gama ciwon da ba a gano ba ya fi hasken haɗari. Ma'aikaci ya koyi tambaya. Mu kuma mu ba shi amsa ta gaskiya.