Akwatin Rabon Ƙarfi a Motar Jeji: Gane Cutarsa da Sake Haɗa Shi

Gabatarwa

Duk ma'aikacin da ya taɓa fita rangadi da damina ya san darajar motar da ke ja da ƙafa huɗu. Malamin gona, da malamin dabbobi, da mai allurar rigakafi, ba su isa ƙauyen da ke bayan fadama sai da ita. Amma kaɗan ne daga cikin masu shigarta, ko masu sa hannu a takardar kuɗin gyaranta, suka san ƙarfen da ke ba ta wannan iko. Wani akwati ne da ke manne a bayan giyabos, wanda za a kira shi akwatin rabon ƙarfi a nan. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa akwatin nan ba ya mutuwa farat ɗaya, kuma gyaransa aikin bincike ne da awo. Za a ɗauki misali da Land Rover ƙirar Series III, wadda aka ƙera a Ingila daga 1971 zuwa 1985, domin ta yi wa ma'aikatun ƙasar nan aiki ƙwarai, kuma cikinta yana da sauƙin fahimta.

Aikin akwatin

Ƙarfin inji ya kan bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan ya faɗa wannan akwati. Aikinsa biyu ne. Na farko, ya raba ƙarfin tsakanin farfelar baya da ta gaba. Na biyu, ya ba direba zaɓi tsakanin giyar gudu da giyar ƙarfi. A giyar gudu, sandar da ke shigo da ƙarfi ta kan juya sau 1.15 kafin mai fita ta juya sau ɗaya; a giyar ƙarfi kuwa sai ta juya sau 2.35. Wato mota ta rage sauri da kamar rabi, ƙarfin janta kuma ya ninka.

Liba mai jan kai ita ce ke zaɓen giyar: gaba gudu, baya ƙarfi, tsakiya kuwa ba ko ɗaya. Maɓalli mai ruwan ɗorawa, idan aka danna shi, ya kan haɗa ƙafafun gaba a giyar gudu. A ciki akwai giyar tsakiya mai juyawa a kan sandarta, da sandar fita wadda boris biyu ke riƙe da ita. Gangar birkin hannu da giyar maleji duk a jikin sandar fitan nan su ke.

Abin da ke cinye shi

Abu na farko shi ne rashin mai. Akwatin yana ɗaukar kimanin lita 2.5 na man giya mai lamba 90, kuma mansa dabam ya ke da na giyabos, ko da ya ke suna manne da juna. Sau da yawa yaron gareji ya kan duba ɗaya ya manta da ɗayan. Akwai kuma 'yar ƙofar shan iska. Idan laka ta toshe ta, iskar ciki ta kan kumbura da zafi ta tura mai waje ta bakin robobin tare mai.

Na biyu shi ne ruwa. Akwati mai zafi idan ya tsunduma cikin rafi ya kan huce nan take, ya zuƙo ruwa ciki, daga nan sai tsatsa ta kama boris.

Na uku shi ne tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta. A kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya nisan zagaye. Wannan akwati kuwa ba shi da abin da zai daidaita bambancin. A yashi ko taɓo taya ta kan ɗan zame ta sauke nauyin, amma a kwalta ba ta zamewa, sai sanduna su murɗe, haƙoran giya su ɗauki wahalar.

Bincike kafin kwancewa

Sau da yawa a kan sauke akwati lafiyayye alhali cutar tana wani wuri. Saboda haka bincike ya kan fara ne daga waje.

Da fari a zubar da man a kwano mai tsabta a dube shi. Idan ya yi fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. Garin ƙarfe mai laushi alamar cin yau da kullum ne, amma gutsattsari masu kaifi suna nufin haƙori ko boris ya fara farfashewa. Maganaɗisu zai ɗebo na ƙarfe, ya bar mai ruwan tagulla, wanda daga washa ko bushi ya ke fitowa.

Sa'an nan a saurari ƙara. Kukan da ke sauyawa da sauyin giya, na giyabos ne. Wanda ke bin saurin mota a kowace giya, daga akwatin nan ne ko abin da ke bayansa. Don a rarrabe, sai a tsai da mota, a sa jar liba a tsakiya, a shiga giya inji na aiki. In kukan ya ci gaba, yana giyabos ko giyar tsakiya, domin ita tana juyawa har a wannan hali. In ya ɗauke, sai a nemi sandar fita, ko farfela, ko aksul.

Bugun da a ke ji sa'ad da aka taka totur ko aka sake shi, galibi daga gaɓoɓin farfela ne, don haka su za a fara girgizawa. Idan allurar maleji tana rawa, mai yiwuwa ne notin bakin sandar fita ya yi sako-sako, domin shi ke matse giyar malejin. Idan birkin hannu ya daina kamawa, a leƙa gangarsa ko mai ya jiƙa ta. Liba mai fita daga giya da kanta kuwa, a duba robobin da giyabos ke zaune a kansu kafin a zargi haƙora.

Kwancewa da sake haɗawa

Akwai kashedin da ya shafi rai. Da zarar an cire farfelar baya, birkin hannu ya daina riƙe motar, tun da a jikin akwatin ya ke. Wajibi ne a sa wa tayoyi weji kafin mutum ya kwanta a ƙarƙashi.

Bayan an cire farfela da gangar birki, a kan buɗe murfin ƙasa, a zare sandar tsakiya, a sauko da giyarta, domin akwai notuna a bayanta da ke riƙe akwatin a jikin giyabos. Kowane ƙarfe a wanke shi da kananzir, a jera shi a kan tebur bisa yadda ya fito. Sandar tsakiya idan ta yi ramuka ko gurbi, ta gama aiki. Boris da zoben da ya ke gudu a ciki tare a ke sauya su. A kuma shafa wuyan da robar tare mai ke kamawa. In farce ya ji kwari a wurin, sabuwar roba ma za ta yi yoyo.

A wajen haɗawa ne a ke gane gwani. Littafin kamfani ya ƙayyade cewa wasan giyar tsakiya gaba da baya kada ya gaza milimita 0.10, kada ya wuce 0.20, wato kamar kaurin takarda ɗaya zuwa biyu. Boris ɗin sandar fita kuwa suna bukatar ɗan matsi: a kan naɗa zare a sandar, a ja da sikeli mai ƙugiya, a nemi kilo 0.9 zuwa 1.8. Da siraran faifan ƙarfe a ke ƙara ko rage waɗannan. In matsi ya yi yawa boris ya ƙone, in ya gaza sanda ta yi lilo ta kashe sabuwar roba. Ido da tafin hannu ba su iya wannan awo. Daga ƙarshe a sa sababbin fakin, a buɗe ƙofar iska, a zuba mai har ya kai bakin ramin awo, a gwada motar, a sake dubawa.

Motocin da suka biyo baya

Daga 1983 Land Rover ta koma wa akwati mai suna LT230, wanda ke ja da ƙafa huɗu kullum, da na'urar daidaita gaba da baya a cikinsa. Motoci da yawa na yanzu kuma sarƙa ce ke kai ƙarfi gaba, wadda in ta saki sai ta riƙa tsallake haƙora da ƙara. Ƙira ta sauya, amma tsarin binciken bai sauya ba: mai, sa'an nan ƙara, sa'an nan awo.

Kammalawa

Jami'in da ke kula da motocin ma'aikata ba sai ya riƙe sifana ba. Ya isa ya yi wa makanike tambaya uku: me aka gani a cikin man, wane gwaji ne ya nuna akwatin ne, kuma nawa awon ya nuna bayan haɗawa. Ya kuma nemi a kawo masa tsofaffin ƙarafan, a rubuta ranar zuba mai a littafin motar. Kuɗin lita biyu da rabi na mai bai kai komai ba idan aka gwada shi da motar allurar rigakafi da ta kwana a bakin rafi, yara na jira a ƙetare. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.