Daga Musawa Zuwa Mambila: Yadda Ake Haɗa Fatsa, Kwanan Daji da Hawan Tsauni

A watan Disamba ne manomin Musawa ke samun numfashi. Masara da dawa sun shiga rumbu, waken suya da auduga sun tafi kasuwa, aljihu ya ɗan yi nauyi. Kuɗin kaka yawanci biki ne ke cinye su, ko gyaran gida, ko sabon babur. Ba kasafai ake jin wanda ya ware wani abu domin ya je ya ga ƙasa ba, alhali wannan lokacin shi ne mafi dacewa da ziyartar tsaunukan Jihar Taraba, inda mutum zai iya kama kifi, ya kwana a daji, ya kuma taka wurin da ya fi ko'ina tudu a Najeriya, duk a tafiya ɗaya.

Wurare biyu ne maƙwabtan juna. A ƙasa akwai Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar na tarayya a 1991, kuma babu gandun da ya kai shi girma a ƙasar nan, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Hedikwatarsa tana Serti. A sama kuma akwai tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna, mai hedikwata a Gembu. Sunan Sardauna ba haka kawai ya zo ba: yankin yana cikin Arewacin Kamaru da ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, aka kuma laƙaba wa lardin sarautar Sir Ahmadu Bello.

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya ɗauka yanayi ɗaya zai tarar. Serti ƙasa ce mai zafi, bakin kogunanta akwai sauro da ƙudan tsando. Amma da mota ta bar Mayo Selbe ta fara murɗa kwanonin hawan dutse zuwa Maisamari da Nguroje, sai iska ta sauya. Tsaunin yana da tudun kusan mita 1,600 daga doron teku, kuma sanyin asubahinsa kan sa wanda ya saba da hunturun Funtua ma ya nemi bargo na biyu. Don haka jakar matafiyi dole ta ɗauki kaya iri biyu: riga mai dogon hannu mara nauyi da gidan sauro saboda ƙasa, rigar sanyi da safa da hula saboda sama.

Sai batun su, wanda shi ne ya fi buƙatar bayani. Masuntan madatsar Mairuwa ko ta Zobe sun san fatsa da tana a bakin ƙugiya, da ɗan dalma da ke ja ta ƙasa. Akwai wata fatsar dabam da ta shahara a Ingila da Amurka, wadda ba a sa mata koto mai rai. Ana ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har su yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Tunda wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi mai kauri, mai su ya riƙa kaɗa ta gaba da baya kamar bulala, sannan ya sake ta ta sauka a hankali a kan ruwa. Abin sha'awa, gashin zabo yana cikin waɗanda masu wannan sana'a ke nema a duniya, ga shi nan kuwa yana yawo a kowane tsakar gida a karkarar Malumfashi.

Irin wannan su yana son ruwa garau, shi ya sa damina ba ta yi. Daga Disamba zuwa Maris kogunan gandun, irin su Mayo Kam, kan janye su kwanta har a hangi duwatsun ƙasa. A nan karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ta zama gaskiya tsagwaronta, domin inuwar mutum kaɗai ta isa ta kori abin da yake fako. Cikin kifayen yankin akwai tsage mai haƙora kamar ƙusoshi, wanda ke datse zare in ba a sa ɗan siririn waya kusa da ƙugiya ba, da giwan ruwa da ya fi farauta in rana ta faɗi. A tsallaken iyaka, a kogin Faro na Kamaru, Turawa kan biya kuɗi masu yawa a watannin rani domin waɗannan kifaye biyu, su kama, su ɗauki hoto, su mayar da su ruwa. Bakatsine zai ce wannan wahalar banza ce, a kama giwan ruwa a sake shi. Amma da haka ne kogin ke ci gaba da samun baƙi shekara bayan shekara.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan sandar fatsa ba, gara ya koyi jifa a gida, ko a filin ƙwallo ne, kafin ya kashe kuɗin mota.

Kwanan daji ba a yin sa da ka. Shiga gandun da yin su a cikinsa sai da izinin hukuma, kuma jami'an gandun ne ke nuna inda za a kafa tanti. Suna da hujja: akwai dorina da kada a kogunan, dorina kuwa da dare take fitowa kiwo ta hanyar da ta saba bi. Wutar girki ma sai an share kewayenta, saboda ciyawar rani ba ta jira. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi da dabino sun fi shinkafar da ke cin itace da lokaci, ruwan sha kuma a tafasa shi.

Bayan kwana biyu ko uku a bakin kogi sai a hau sama. Akwai gonakin shayi na Kakara, inda ake sarrafa Highland Tea, da kurmin Ngel Nyaki mai birai da tsuntsaye, da garken shanun Fulani a kan tuddai kore shar. Ƙololuwar Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, tana kan iyakar Kamaru, hawanta kuma tafiyar kwanaki ce a ƙasa tare da ɗan jagora. Mai mako ɗaya ya bar ta sai wata shekarar.

Hanya ita ce babban kuɗi. Ko ta Kano aka bi ko ta Zariya da Jos, a Gombe ake haɗuwa, daga nan Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti. Kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa, mutumin Musawa kuwa ba sai an gaya masa illar tafiyar dare ba. Mutum huɗu ko biyar da suka yi adashi tun damina za su raba kuɗin mai da masauki, mota kuma a duba birkinta sosai saboda gangaren Mayo Selbe. Masu niyyar zuwa bana su tuntuɓi ofishin gandun da ke Serti kan izini da halin hanya kafin su bar gida.