Kwamfutar Da Ba A Tsoron Lalatawa

A watan Fabrairun 2012 wata gidauniya a birnin Kambirij na ƙasar Ingila ta fara sayar da kwamfutar da ba ta wuce katin ATM girma ba, a kan dala 35. Sunanta Raspberry Pi. Ba ta zuwa da akwati ko allo ko madannai, ɗan faranti ne kore guda da ramukan soka waya. Eben Upton da abokan aikinsa, waɗanda suka ƙirƙiro ta, sun lura cewa masu neman karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kambirij suna raguwa, kuma waɗanda ke zuwa ba su kai na baya gogewa ba. Na baya sun tashi ne da kwamfutar BBC Micro ta shekarun 1980, wadda in ka kunna ta sai ta tsaya tana jiran ka rubuta mata umarni. Na bayansu kuwa sun taso da kwamfuta mai tsada da iyaye ba sa bari a taɓa cikinta. Shi ya sa aka ƙera mai arha, wadda in yaro ya ƙona ta ba za a yi zaman makoki a gida ba.

Yau an sayar da fiye da miliyan 60, kuma yawancin abin da masu sha'awa ke yi da ita, in ka duba, wasa ne: wani ya mayar da ita na'urar tsofaffin wasannin bidiyo, wani ya ɗora mata kyamara yana leƙen tsuntsayen da ke sauka a tsakar gidansa, wani ya sa ta toshe tallace-tallace a intanet ɗin gida. Masu ganin wannan ɓata lokaci ne, a ganina, ba su fahimci yadda hannu ke koyon aiki ba. Yaron da ke ƙera mota da gwangwani da tsohon silifa ya san motarsa ba za ta kai shi Zariya ba, amma shi ne ke fara gane dalilin da ke sa ƙafa ta karkace.

Ɗauki aikin bibiyar jiragen sama. Jiragen fasinja suna watsa sigina a zangon megahaz 1090, ɗauke da lambar jirgi, nisansa daga ƙasa, gudunsa da inda yake. Mai sha'awa zai soka wa kwamfutar wata 'yar na'urar kama tashoshi a ramin USB, ya yanko wayar tagulla mai tsawon kusan santimita bakwai ya yi eriya, sai ga jirage suna tafiya a taswirar allonsa. Kashegari zai so ya hango na nesa. Nan zai gano cewa tsawon eriya yana bin zangon sigina ne, cewa bango yana tare sigina, cewa doguwar waya daga saman rufi tana raunana shi. Babu wanda ya ba shi wannan a matsayin darasi, kwaɗayin ganin ƙarin jirgi ɗaya ne ya ja shi. Kuma wasan ba a banza yake tafiya ba, domin shafuka irin su FlightAware da Flightradar24 suna dogara da bayanan da 'yan sa-kai ke turo musu daga irin waɗannan na'urori.

Wani lokaci wasan kan zarce zuwa gona. A 2016 labarin Makoto Koike ya bazu, injiniya ɗan Japan da ya koma taya iyayensa noman kokwamba, ya tarar mahaifiyarsa na shafe sa'o'i tana rarrabe amfanin zuwa aji tara. Ya ɗauki hotuna kusan 7,000, ya koya wa manhaja bambance su, ya sa Raspberry Pi tana ɗaukar hoto tana juya injin da ke tura kowace kokwamba kwandonta. A aiki na gaske bakwai cikin goma kawai na'urar ke dacewa, kuma nauyin lissafin wata babbar kwamfuta ce ke ɗauka. Wato bai maye gurbin idon mahaifiyarsa ba, amma mutum guda ya gwada abin da a da sai kamfani.

Akwai masu cewa wayar da ke aljihun kowa ta fi wannan kwamfuta ƙarfi, kuma sau da yawa gaskiyarsu ne. Sai dai waya a rufe take. Raspberry Pi tana da 'yan ƙusoshi 40 a gefenta, inda za ka jona ƙwan fitila ko injin ko ma'aunin zafi, ka rubuta layi biyar ka ga abu ya motsa a gabanka. Wasu kuma suna cewa yawancin masu yin ayyukan kwafa kawai suke daga intanet. Haka ake farawa, amma kwafar ba ta cika tafiya lami lafiya ba: manhaja ta canza tun bayan rubuta bayanin, ko an soka waya a ƙusar da ba ita ba, kuma a wajen neman inda matsalar take ake koyon abin da ba a rubuta ba. Ba a musun cewa da yawa daga cikin na'urorin suna ƙarewa a durowa bayan mako biyu. Asarar dala 35 ce, kuma dama don irin wannan asarar aka sa mata farashin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi da wuta, musamman ga mai saye da naira ko sefa. Dala 35 kuɗin farantin ne kaɗai, sai ka ƙara caja da katin memori da madannai da allo, kuma ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata abin da ke kan katin. Abin da ke rage zafin shi ne bolt biyar kawai take buƙata, don haka fawa-bank ko ƙaramin farantin sola da batir sun isa riƙe ta, kuma talabijin ɗin falo na iya zama allonta. Da manhajar Kiwix ana iya zuba mata Wikipedia, har da ta Hausa, ta riƙa watsa wa wayoyin ɗalibai a aji ba tare da an sayi data ba. Wanda zai haɗa wannan ya gyara shi in ya tsaya, galibi shi ne wanda ya fara da kunna ƙwan fitila guda a ɗakinsa.