Damina da Sakatariya: Yadda Shawarar Ƙaramar Hukuma Ke Shafar Gonarka da Gidanka

A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da bayanin yadda take ganin damina za ta kasance: yaushe ruwa zai sauka a kowane yanki, yaya yawansa, kuma ina ake tsoron zai ɗauke a tsakiyar damina. Bayanta sai hukumar lura da koguna da ruwaye, NIHSA, ta fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. Duk wannan yakan fito tun ba a yi shuka ba. Amma a 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A ƙarshen watan Mayu na 2025 kuma ruwa ya afka wa garin Mokwa na jihar Neja, ya ci rayuka fiye da 150.

Kowanne daga cikin waɗannan bala'o'i yana da nasa musabbabin, kuma wasu sun fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma. Sai dai akwai ɓarnar da ba ta kaiwa ga kanun labarai, wadda ita ce ta fi yawa: katangar ƙasa da ta faɗi, kwalbatin da ya karye ya raba ƙauye da kasuwa, gonar da zaizaya ta cinye, faɗan manomi da makiyayi a bakin burtali. Yawan irin wannan ɓarna ko ƙarancinta ya danganta ne da ƙananan shawarwari da ake yankewa kusa da gida: ina za a yanka fulotai, wane lambatu za a yashe, wane kududdufi za a cike, wace bishiya za a sare. Mafi yawan waɗannan shawarwari suna hannun ƙaramar hukuma, kuma mutane da yawa ba su san haka ba.

Abin da doka ta ɗora mata

Tsarin ƙananan hukumomi da muke da shi ya samo asali ne daga gyaran 1976, wanda ya maye gurbin En'e da tsari iri ɗaya a duk ƙasa. A lokacin ba su wuce kimanin 300 ba. Yanzu 774 ne: Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Sakkwato da Kaduna 23 kowacce. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, wato ciyaman da kansiloli, kansila ɗaya daga kowace mazaɓa.

Jadawali na huɗu na kundin ya lissafa ayyukansu. Daga ciki akwai ginawa da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu da ban-ɗakunan jama'a. Haka kuma suna da hannu, tare da gwamnatin jiha, a ilimin firamare, kiwon lafiya da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da ma'adinai. Wanda ya duba wannan jeri da idon basira zai ga cewa kusan duk abin da ake kira kare kai daga sauyin yanayi yana ciki. Lambatun da aka yashe a watan Mayu shi ke hana ruwa shiga ɗaki a watan Agusta. Sharar da aka kwashe kafin damina ita ce ba za ta toshe kwalbati ba, ba kuma za ta kwarara cikin rijiya ta kawo amai da gudawa ba.

Ikon da aka fi mantawa da shi shi ne na ƙasa. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, amma filayen karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakarsu ta gargajiya, don noma, gini ko kiwo. Dokar ta sa iyaka: ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 don noma ba, ko fiye da hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. Ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Ke nan idan ka ga an yanka fulotai a bakin rafi, ko an mayar da makiyaya gona, akwai ofishin da ya sa hannu, ko kuma ya kawar da kai.

Inda ake tafka kuskure

Magabatanmu ba su bar kududdufi a gefen gari don ado ba. Ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini shi ne kuma ma'ajiyar ruwan sama. A Kano da sauran tsofaffin garuruwa an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, kuma irin wannan yana ta bin hedikwatocin ƙananan hukumomi yayin da fuloti ke ƙara daraja. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Idan aka tare masa inda ya saba kwanciya, sai ya nemi gidan da ya fi kusa, kuma sau da yawa gidan talaka ne da ba shi da hannu a cinikin.

Haka abin yake ga burtali, wanda a wasu wurare ake kira labi. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu. Amma jama'a ta ƙaru, gona ta yi kaɗan, sai aka riƙa cin burtali taku bayan taku har ya tsuke. Da damina, lokacin da shanu ke neman hanyar zuwa mashaya, ba su da wurin bi sai cikin shuka. Fari da ƙarancin ciyawa suna ƙara zafin lamarin, amma tushensa rashin shata iyaka ne da rashin tsare ta. Sanya turaku a gefen burtali, rubuta faɗinsa a takarda a gaban dagaci da arɗo, da sa ranar da za a saki dabbobi cikin gonaki bayan girbi, duka ayyuka ne marasa tsada da ƙaramar hukuma ke iya jagoranta.

Akwai kuma matsalar da ta ratsa iyakoki. A kwarin kogin Haɗeja, tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, gudun ruwan ya sauya, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ya zamana wani wuri ruwa ya yi ambaliya ya cinye shinkafa, wani wuri kuma fadama ta bushe, ga tsuntsayen jan-baki da ke samun maɓoya a cikin ciyawar. Mutanen Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma sun san wannan fiye da kowa, kuma sun daɗe suna aikin gayya don sare ta. Darasin a nan shi ne, idan ƙaramar hukuma ɗaya ta buɗe nata ɓangaren, ta ƙasa da ita ba ta buɗe ba, matsalar ce kawai ta yi ƙaura. Irin wannan aiki sai shugabannin da kogi ɗaya ya haɗa sun zauna tare da jiha da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are.

Batun kuɗi

Da an taɓo wannan magana sai a ce ai ƙananan hukumomi ba su da ko sisi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Bisa tsarin rabon arziƙin ƙasa, kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya nasu ne, jihohi na da 26.72, tarayya 52.68. Sai dai shekara da shekaru kuɗin yana bi ne ta asusun haɗaka da ke hannun jiha, kuma gwamnoni da dama sun riƙa rushe zaɓaɓɓu suna naɗa kantomomi. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake kallo. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye gurbin zaɓaɓɓu da naɗaɗɗu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, kuma ko an aiwatar da shi sarai, albashin malaman firamare da na ma'aikata zai ci babban kaso.

Duk da haka, rashin kuɗi bai isa hujja ba a kan komai. Ƙin sa hannu a takardar fuloti a kan hanyar ruwa ba ya buƙatar kasafi. Kai hasashen damina ga manoma ta bakin malamin gona, masu unguwanni, limamai da gidan rediyo ba wani kuɗi ba ne, alhali manomin da ya san damina za ta yi gajarta zai iya neman iri mai saurin nuna. Tsarin ba da agajin gaggawa na ƙasa ya tanadi kwamiti a matakin ƙaramar hukuma, ƙarƙashin hukumomin jiha da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA. A wurare da yawa kwamitin a takarda kawai yake, sai ruwa ya yi ɓarna a tuna da shi wajen rabon tabarma da buhun shinkafa. Aikinsa na ainihi kuwa kafin ruwa ne: sanin unguwannin da ke kwari, ware makaranta ko filin tudu da za a kai mutane, da sanin wanda zai yi shela idan kogi ya fara cikowa da dare.

Abin koyi daga maƙwabta

Daga Katsina ko Daura ba a yi nisa ba za a shiga jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, inda ƙasa, harshe da damina duk iri ɗaya ne da namu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, gonaki da dama a can sun zama fili fetal. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da bishiyoyi kusan miliyan 200. Gawo na cikin waɗanda suka fi yawa, kuma manomi ya san dalili: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya hana gero rana, ganyen taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi.

Dabarar datse reshe kaɗai ba za ta kawo wannan ba. Abin da ya ƙarfafa ta shi ne manomi ya samu tabbacin cewa bishiyar da ya rena a gonarsa tasa ce, ba za a ci shi tara ba idan ya amfana da ita, kuma ƙauyuka sun kafa kwamitocin da ke hana saran sata. Sannan dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta buɗe hanyar kafa kwamitocin filaye tun daga gunduma har zuwa ƙauye, inda sarakuna, ma'aikatan gwamnati, manoma, makiyaya da wakilan mata ke zama tare su shata burtali da mashaya, su rubuta cinikin gona, jingina ko aro. Tsarin yana da nasa rauni, rigingimu ba su ƙare ba, kuma a 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun magadan gari ta naɗa wakilai. Amma ya nuna cewa doka mai sauƙi da aka yi tare da mutanen wuri tana iya yin abin da bikin dashen bishiya na shekara-shekara ya kasa. Najeriya na da dokar sauyin yanayi ta 2021, tana kuma da hukumar da ke kula da shirin shingen bishiyoyi a jihohi 11 na Arewa, amma dashen da ba shi da mai shi a ƙauye, akuya ce ke gadonsa.

Ta ina mai karatu zai shiga?

Mataki na farko shi ne sanin kansilan mazaɓarka da kuma lokacin da ake tsara kasafin kuɗi, wanda galibi a ƙarshen shekara ne. Ƙorafin da aka kai a watan Agusta, ruwa na tsakar gida, jaje kawai zai samu. Buƙatar da aka kai a watan Oktoba ko Nuwamba ita ke da damar shiga kasafi.

Na biyu, a kai buƙata a rubuce kuma a ƙungiyance. Ƙungiyar ci gaban gari, ta manoma, ta makiyaya, ta mata masu sana'a, su haɗu su zaɓi abu biyu ko uku da suka fi muhimmanci, su faɗi wurin da sunansa, su sa hannun mai unguwa da dagaci, su ajiye kwafi. Mata su kasance cikin zaman, domin su suka fi sanin rijiyar da ke ƙafewa da nisan da ake yi neman itace.

Na uku, a tambayi lissafi. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, kuma duk mai waya da intanet yana iya dubawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga ofishin gwamnati a rubuce, ta kuma sa wa'adin kwana 7 na ba da amsa.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye. Mai sayen fuloti ya je ya ga wurin da damina, ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke bi, kafin ya biya. Mai gona a bakin burtali ya tsaya iyakarsa. Mai zuba shara a lambatu ya san cewa maƙwabcinsa na ƙasa ne zai biya. Ba za mu nemi ciyaman ya tsare doka ba alhali mu ne ke zuwa da dare muna roƙon a ɗaga mana ƙafa.

Idan kuma zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, a fita a yi, a kuma yi wa kowane ɗan takara tambayoyin da za a iya riƙe shi da su: wane kwalbati zai fara gyarawa, yaushe za a shata burtalin da ake rigima a kansa, su wane ne 'yan kwamitin filaye, kuma a ina jama'a za su riƙa ganin kasafin kuɗi a manne. Amsar da ya bayar a rubuta ta, a ajiye, a fito da ita bayan shekara guda.